Ɗan jarida ya kira ni da asuba kan gobarar hostal, yanzu ga kweri a kan teburina

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema, musamman wajen manyanmu da suka daɗe a aikin nan, don tun shekaranjiya ban yi barcin kirki ba. Da yawanku kun san ni ne mataimakin magatakarda mai kula da harkar ɗalibai a kwalejinmu. Daren Litinin wajen ƙarfe biyu da wani abu wuta ta tashi a hostal ɗin mata, a bene, ɗaki biyu sun ƙone ƙurmus, ana zargin hita ce wata ta jona a bokiti sai aka ɗauke wuta ta manta ba ta zare ba ta kwanta, da aka dawo da wutar cikin dare shi ke nan. Kun dai san sanyin bana. Ni ina wajen tun uku saura har aka kira assalatu, daga ni sai jallabiya da silifas, 'yan kwana-kwana sun zo an kashe, na tambayi shugaban masu gadi ko akwai wadda ta ji rauni ya ce min wallahi babu duk an fito da su, ni ma na ga yaran zaune a filin ƙwallo sun lulluɓa da barguna suna kuka amma kowacce da ƙafarta.

Ina dawowa daga masallaci ko shayi ban sha ba sai ga baƙuwar lamba. Yaro ne mai ladabi, ya ce daga wani gidan rediyo yake, Yallaɓai an ce an yi gobara a makarantarku da gaske ne? Na ce eh an yi, amma alhamdu lillahi babu wadda ta ji ko ƙwarzane. Bai ce min yana naɗa ba, ni ma ban tambaya ba. Ashe tun kafin in iso wajen wasu ɗalibai maza sun kwashi yara uku a adaidaita sahu sun kai su asibitin cikin gari, biyu hayaƙi ne ya shaƙe su, ɗaya kuma ta diro ta taga ta karye a ƙafa, ta ƙaramar ƙofar baya aka fita da su shi ya sa masu gadi ba su sani ba. Labaran safe ina mota na kunna rediyo sai ga muryata, ana gama sa ta aka sa muryar mahaifin yarinyar daga bakin gadon asibiti yana cewa hukumar makaranta ta ce ba wanda ya ji ciwo, to wannan da ke kwance 'yar waye? Wallahi sai da na faka motar a gefen titi.

Jiya shugaban kwaleji ya sa an ba ni kweri, in yi bayani cikin awa 24 dalilin da ya sa na yi magana da 'yan jarida ba da izini ba. Kwerin bai dame ni kamar muryar bawan Allahn nan ba. Tambayata ita ce, a wannan asubar me ya kamata in ce wa yaron?

Tsohon Magatakarda:
Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, ya ba yaran lafiya. Ƙanena amsar a taƙaice take, bai kamata ka ce masa komai ba. Shekara 35 na yi ina aiki har na yi ritaya ba a taɓa jin muryata a rediyo ba sai ranar bikin yaye ɗalibai. Dokar aikin gwamnati a fili take, ma'aikaci ba ya magana da 'yan jarida kan harkar ofis sai da izini. Akwai shugaban kwaleji, akwai jami'in hulɗa da jama'a, don me aka ajiye su? Da ka ce masa ba ni da ta cewa ka kashe wayarka da yanzu kana zaune lafiya. Magana zarar bunu ce.

Abu Fatima:
Gaskiya Baba ya faɗa. Ni tunda na kama aiki abin da aka fara gaya min ke nan, ko gaisuwa ɗan jarida ya yi maka ka duba me ke hannunsa. Kuma shi yaron ai ya ci amana, ta ya za ka naɗi mutum bai sani ba

Maman Sadiq:
Sannu Baban Ummi, Allah ya tsare gaba. Baba ranka ya daɗe ka yi min afuwa, rabin maganarka na yarda da ita rabi kuma ban yarda ba, kuma ni ce wadda aka ajiye ɗin da kake faɗa, shekarata tara ina kakakin wata kwalejin kimiyya da fasaha. Eh, bai kamata kowa ya riƙa magana da sunan makaranta ba, wannan haka yake. Amma ba ni da ta cewa ɗin nan ita ce ta fi kashe mu. Ka tsaya ka ji yadda take fita a rediyo: mun tuntuɓi hukumar makarantar amma ta ƙi cewa uffan. Yanzu ka ɗauka kai uba ne a ƙauye, 'yarka tana wannan hostal ɗin, wayarta ta ƙone a ɗaki kana ta kira ba ta shiga, sai ka ji makaranta ta ƙi cewa uffan. Me zai zo maka a rai? Gawa ake ɓoyewa, shi ke nan. Kafin azahar motoci sun cika bakin get.

A zamaninku Baba in kun yi shiru labarin yana iya kwana, don gidan rediyon jiha ne da na tarayya Kaduna sai wakilin BBC in ya ji. Yanzu fa? Wutar tana ci yaran suna ɗauka a waya, kafin 'yan kwana-kwana su iso bidiyon yana Facebook da TikTok. Labarin zai fita ko da mu ko ba mu.

Ni a ganina laifin Baban Ummi ba ɗaga waya ba ne. Laifin shi ne ya faɗi abin da bai tabbatar ba. Ga abin da zan ce in ni ce: eh an yi gobara a hostal ɗin mata da misalin ƙarfe biyu, an kashe ta, yanzu haka muna ƙirga ɗalibai ɗaki-ɗaki muna kuma bin asibitoci, ba zan ba ka adadi ba sai mun gama, ka kira ni ƙarfe tara ko ni in kira ka. Duk abin da ke cikin maganar nan gaskiya ne, babu wanda zai kawo wata murya ya ƙaryata ta. Sannan ƙarfe tara ɗin ka cika alkawari ko da abin da ka samu kaɗan ne.

Baban Ummi:
Hajiya wallahi da na karanta naki sai da na yi ajiyar zuciya. Abin da ya ja ni shi ne ina son in kwantar wa iyaye da hankali, na ga kamar in na ce muna bincike za a ce wani abu muke rufewa.

Maman Sadiq:
Na sani Malam, niyyarka mai kyau ce, kuma duk wanda ya san ka ya san haka. Amma ka lura da kalmar da ta kayar da kai, kalmar babu ce. Babu wanda ya ji rauni, babu wanda ya rasu, babu abin da ya faru. Mutum ɗaya tak ya isa ya rushe ta. Ni na haramta wa kaina ita a ranar farko ta kowane irin al'amari.

Malam Na Rediyo:
Salam. Bari in sa baki don na zauna a ɓangarorin biyu, na yi shekara 11 a ɗakin labarai kafin in dawo koyarwa a sashen aikin jarida. Abu Fatima, kan batun naɗa, ƙa'ida ita ce ya gaya masa, kuma ni haka nake koya wa ɗalibaina. Amma mu gaya wa kanmu gaskiya, da zarar mutum ya ce maka ni wane ne daga gidan rediyo kaza, to daga wannan daƙiƙar ka ɗauka kana kan iska. Ɗan rediyo ba ya kira don hira, murya yake nema, in babu murya editansa zai ce masa bai kawo labari ba.

Ku bari in gaya muku halin da yaron yake ciki a wannan asubar, don in kun san shi za ku san yadda za ku yi da shi. Yana da labaran safe a gabansa, edita na tsaye a kansa, ɗalibai sun riga sun tura masa bidiyo, wataƙila ma yana tsaye a asibitin lokacin da ya kira. Shi a wajensa kiran da ya yi adalci ya yi muku, ya ba ku dama ku faɗi naku. Tambayar da ya kamata Baban Ummi ya fara yi masa ita ce, kai me ka ji, kuma ƙarfe nawa za ka sa labarin? Wallahi da ya tambaye shi haka da yaron ne zai gaya masa akwai yara a asibiti. Sau da yawa ɗan jarida ya fi ka sanin abin da ke faruwa a makarantarka a wannan lokacin, domin ɗalibai suna gaya masa abin da suke tsoron gaya maka.

Batun adadi kuwa manya ma sun faɗa ramin nan. Ku tuna Afrilun 2014 da aka sace 'yan matan Chibok, hedikwatar tsaro ta fito ta ce an kuɓutar da kusan dukansu saura takwas, shugabar makarantar da iyaye suka ce ba haka ba ne, dole aka janye maganar, daga baya aka tabbatar 276 aka ɗauka. A Fabrairun 2018 kuma Dapchi, gwamnatin Yobe ta sanar cewa an ceto wasu daga cikin yaran, iyaye suka yi ta murna, washegari aka dawo aka ba da haƙuri aka ce bayanin da aka samu ba daidai ba ne, yara 110 aka tafi da su. Duka biyun wani ne ya gaya wa wani, shi kuma ya fito ya faɗa bai gani da idonsa ba. Daga ranar kuma duk abin da suka faɗa sai mutane su ce anya.

Tsohon Magatakarda:
To ai kun dawo kan maganata. Da ba su yi magana ba da ba su janye ba.

Malam Na Rediyo:
A'a Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ba ɗaya ba ne. Yara sama da ɗari sun ɓace ai babu gwamnatin da za ta iya shiru. Abin da ya kamata su ce shi ne ga abin da muka tabbatar, ga wanda ba mu tabbatar ba tukuna. Tsakanin shiru da ƙarya akwai fili babba, a nan ake tsayawa.

Abu Fatima:
Ni dai har yanzu raina a ɓace yake da yaron. A makarantar da yayana yake aiki da wani ya rubuta musu irin wannan a Facebook 'yan sanda suka kai shi, kwana biyu ya yi a can ya fito ya goge. Me zai hana a yi masa haka ko a kai gidan rediyon kotu

Barista:
Abu Fatima don Allah kar ka ba kowa wannan shawarar. A kai shi a ce ya yi me? Muryar Baban Ummi ce, bai ƙara ba bai rage ba, mahaifin yarinyar ma gaskiya ya faɗa. Ɓata suna sai in an yi maka ƙarya. Na san sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ake fakewa da shi a kama mutane, to an yi wa sashen gyara a 2024 an taƙaita shi, kuma ko ba a gyara ba, ranar da kwaleji ta sa aka kulle ɗan jarida kan gobara, ranar ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ za ta fitar da sanarwa, labarin da zai mutu a kwana uku ya koma na wata guda, jaridun Abuja da Legas da ba su san da ku ba su ɗauka. In gidan rediyo ya yi muku ba daidai ba akwai haƙƙin mayar da martani a kundin ƙa'idojin NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin, ku rubuta wa gidan rediyon ku nemi a ba ku fili.

Tunda an taɓo doka bari in ƙara abu biyu da nake ta fama da mutanenmu a kai. Na farko dokar 'yancin samun bayanai da Jonathan ya sa wa hannu a Mayun 2011. In ɗan jarida, ko ma kowane ɗan ƙasa, ya rubuto takarda yana neman bayani, misali nawa aka kashe a gyaran wayoyin wutar hostal ɗin nan kuma wa aka ba kwangilar, kwana 7 doka ta ba ku ku amsa, kuma ba sai ya faɗi dalilinsa na nema ba. In kotu ta samu an hana shi ba bisa ƙa'ida ba akwai tarar naira 500,000. Mu na makarantun jiha da muna fakewa da cewa dokar ta tarayya ce ba ta shafe mu ba, to a 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a wata shari'a da ta taso daga jihar Edo cewa ta shafi jihohi ma. Don haka takardar nan in ta zo kar a jefa ta a durowa, a buga mata hatimin ranar da ta shigo a kawo mana ofishin lauya a ranar.

Na biyu shi ne kishiyar wannan. Ita dokar dai a sashe na 14 ta ware bayanan da suka shafi mutum shi kaɗai, har ta ambaci fayil ɗin ɗalibai. Ga kuma dokar kare bayanai ta 2023 wadda ta sa bayanin lafiyar mutum cikin masu tsauri. Wato sunan yarinyar da ta karye, ajinta, garinsu, me likita ya ce, ko sunan wadda ake zargi da jona hitar, duk ba naku ba ne da za ku ba ɗan jarida. Kuɗin kwangila na jama'a ne, ciwon yarinya nata ne da iyayenta. Abin takaici mu juya shi muke yi, mu ɓoye na kwangilar mu saki sunan ɗaliba.

Uwar Ɗalibai:
Barista Allah ya saka da alheri, maganarka ta ƙarshe ita ta sa zan yi magana don tun ɗazu karatu kawai nake. Ni ce mai kula da hostal ɗin mata a tamu makarantar, shekara 14. Duk kuna ta maganar me za a ce wa ɗan jarida, ni tambayata wa ya kira iyayen yaran nan uku? Shekarun baya mun rasa wata ɗaliba, cikin dare ciwo ya kama ta kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa, ana ta mitin a ofis ana tsara sanarwa ana gyara Turanci, ashe wata ƙawarta ta sa hotonta a sitatus da innalillahi, mahaifiyarta tana tsakar gida tana tankaɗe 'yar maƙwabta ta shigo da waya ta nuna mata. Da na je ta'aziyya matar nan ta riƙe hannuna ba ta yi min faɗa ba, cewa kawai ta yi Hajiya amana na ba ku, ko kira ɗaya ba ta ci ba? Har gobe in na tuna sai na ji ƙirjina ya yi nauyi. Tun daga ranar na ajiye littafi, kowane ɗaki da sunayen masu kwana a ciki da lambar uba ko uwa ko mariƙi, kwafi ɗaya a ofishina ɗaya a gidana, kuma duk zangon karatu sai na sabunta don yaran nan suna sauya ɗaki suna kuma ajiye 'yan alfarma, wato masu kwana a ɗakin da ba a rubuta sunansu ba. In abu ya faru a fara kiran gida, sannan a tara ɗalibai a gaya musu, sai a zo kan rediyo. Baban Ummi da akwai irin littafin nan a hannunka a filin ƙwallon nan kiran suna kawai za ka yi, minti talatin ka san uku ba sa nan.

Baban Ummi:
Hajiya wallahi babu. Akwai jerin waɗanda suka biya kuɗin gado a ofishin kuɗi, amma ba shi ne jerin masu kwana ba, kin san yadda abin yake. Kuma gaskiya ba mu muka kira mahaifin ba, ɗaliban da suka kai ta ne suka kira shi. Wannan ma ya fi na rediyon ciwo.

Uwar Ɗalibai:
To ka fara daga nan ɗan uwana. Kuma ina roƙon matasanmu irin su Abu Fatima ku daina kallon 'yan jarida a matsayin abokan gaba kawai. A Oktoban 2019 da BBC ta fitar da binciken nan na malaman da ke neman ɗalibai mata don maki a jami'ar Legas da ta Ghana, ai sai da ya fito aka dakatar da malaman. Mu da muke zaune da yaran nan mun san irin kukan da suke kawowa a rufe ƙofa a ce a rufa wa makaranta asiri. Wani lokacin ɗan jaridan da ke damun ka da kira shi ne kaɗai ya saurari yarinyar.

Abu Fatima:
Na ji Hajiya, Allah ya huci zuciyarki. Na janye batun 'yan sanda. Amma tambaya, su manyan ba ambulan na kuɗi suke bayarwa ba a kashe labari? Ni na ga ana yi bayan taron manema labarai

Malam Na Rediyo:
Ana yi, ba zan musa ba, kuma abin kunya ne gare mu duka, mai bayarwa da mai karɓa. Wasu gidajen ba sa biyan albashi a kan kari, yaro ya hau babur da kuɗinsa ya zo taronku, shi ya sa kuɗin motar ya zama al'ada. Amma ku sani ambulan ba ya kashe labari, jinkirta shi yake yi kuma ya ƙara masa farashi. Wanda ka ba yau zai gaya wa abokinsa, gobe su uku za su zo. Ranar da ka ci karo da wanda ba ya karɓa kuwa, ambulan ɗin kansa ya zama kanun labarin. Abin da ya fi shi amfani kyauta ne: ka ɗaga waya, ka kira in ka ce za ka kira, in suna neman masani kan noma ko tarbiyya ka haɗa su da malamanku, ka gayyace su su ga sabon ɗakin gwajin da asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ya gina tun babu wata matsala. Wanda ya saba da kai a ranar daɗi, ranar wuya zai kira ka kafin ya sa labari ya ce Yallaɓai ga abin da na samu fa.

Sai kuma maganar nan ta tsakanina da kai ce kar ka buga. In za ka yi ta, kafin ka faɗi maganar za ka nema ya kuma amsa maka da bakinsa, ba bayan ka gama zuba ba. Ni shawarata ga wanda bai goge ba, kar ma ya fara.

Maman Sadiq:
Bari in ƙara wani abu da ba a cika kula da shi ba, harshe. Mu zauna mu rubuta sanarwa da Turanci mai nauyi shafi biyu, alhali iyayen yaranmu Freedom da BBC Hausa da DW suke ji, Aminiya suke karantawa. Wa zai fassara? Wani yaro a ɗakin labarai da minti goma a hannunsa. Ya taɓa faruwa da mu, mun dakatar da ɗalibai na zango biyu kan satar amsa, a rediyo aka ce an kore su, wani uba ya zo har ofis yana rawar jiki. Wata shekarar kuma NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha, ta zo tantance kwasa-kwasai, ɗaya ya samu amincewar wucin gadi, aka fassara cewa an soke kwas ɗin, sati guda ina amsa waya. Ba mugunta ba ce, kalmomin ne ba su san bambancinsu ba. Yanzu duk sanarwar da zan fitar biyu nake yi, ta Turanci da ta Hausa da na rubuta da hannuna, sannan in naɗi murya ta minti ɗaya in tura musu a WhatsApp, su sa ta yadda take.

Kuma ku masu riƙe da ofisoshi don Allah ku riƙa sa mu a ciki tun farko. Baban Ummi, kakakinku ƙarfe nawa ya ji labarin gobarar?

Baban Ummi:
A rediyo ya ji shi ma. Ban ma yi tunanin kiransa ba a daren, shugaban kwaleji kawai na kira da magatakarda.

Maman Sadiq:
Ka gani ko. To da ma ka tura yaron wajensa a asubar nan, me zai ce? Haka ake mana, a yi mitin ba mu, a yanke hukunci ba mu, sai wuta ta kama a ce ina kakaki ya je ya kashe. Mutum ba zai kare abin da bai sani ba.

Tsohon Magatakarda:
Na karanta duka. Har yanzu ina kan bakana cewa makaranta da baki ɗaya take magana, in kowane shugaban sashe zai riƙa amsa waya to rikici ne, musamman lokacin yajin aiki, kun ga dai na ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU na 2022 wata takwas aka yi, a irin wannan lokacin kalma ɗaya daga bakin jami'i sai ta ɓata zaman sulhu. Amma na karɓi gyaran 'yata Maman Sadiq, bakin nan ɗaya dole ya buɗe, kuma da wuri. Mu a lokacinmu ba a ɗaukar mu a waya.

Kan kwerin kuma ƙanena ka saurare ni, wannan fannina ne. Kar ka wuce awa 24 ɗin. Kar ka yi dogon labari, kar ka ɗora wa shugaban masu gadi, shi ma abin da ya gani ya faɗa. Ka rubuta lokacin da ka isa, abin da aka gaya maka, lokacin da aka kira ka, abin da ka ce, ka amsa cewa ka yi kuskure wajen magana ba izini da kuma faɗin abin da ba ka tabbatar ba. A ƙarshe ka ba da shawarar a rubuta tsari na wanda zai yi magana in irin haka ta faru da dare. Ka kai da hannunka, ka nemi ganin shugaban ku yi magana ido da ido. Mutumin da ya kwana a wajen gobara ba a yi masa hukunci mai tsanani in ya amsa laifinsa.

Barista:
Na goyi bayan Baba. Ka turo min ta akwatina in duba maka kafin ka kai.

Baban Ummi:
Salam 'yan uwa, na dawo in ba ku bayani tunda kun tsaya min. Na kai amsar kamar yadda Baba ya ce bayan Barista ya gyara min layi biyu, shugaban ya yi min faɗa sosai amma ya ce gargaɗi ne na baki. Na roƙe shi mu je asibiti tare kuma ya yarda, muka je da la'asar da shi da kakakinmu. Biyun da hayaƙi ya shaƙa an sallame su. Mahaifin ɗayar dattijo ne manomi, yana zaune a kan tabarma a barandar ɗakin da butarsa a gefe, na durƙusa na ce masa Baba ni ne wanda ka ji a rediyo, ban san 'yarka tana nan ba lokacin da na yi maganar, ka yafe min. Ya daɗe yana kallona sannan ya ce da ma abin da yake son ji ke nan, ya zaci an sani aka ɓoye. Makaranta ta ɗauki kuɗin maganin.

Daga nan kakakin ya kira yaron rediyon, shugaban da kansa ya yi magana da Hausa, ya ce bayanin farko kuskure ne, ɗalibai uku ne suka jikkata, bai faɗi suna ba, ya ce an kafa kwamiti kan wayoyin wutar kuma za a faɗi abin da aka gano nan da sati biyu. Sun sa a labaran dare ba su yanke komai ba. Yaron ma ya kira ni daga baya ya ce in yi haƙuri da bai gaya min yana naɗa ba.

Hajiya Uwar Ɗalibai don Allah ki ɗauko min hoton shafi ɗaya na littafin nan naki ki rufe sunayen, ina son in ga yadda kika ja layukan, gobe da safe zan bi ɗakunan da kaina ni da matan da ke kula da hostal ɗin.

Uwar Ɗalibai:
Alhamdu lillahi, Allah ya ba ta lafiya. Zan turo in na isa gida bayan magariba. Ka bar layi biyu a ƙasan kowane ɗaki don 'yan alfarma, kuma ka gaya musu tun a bakin ƙofa ba kora ka zo yi ba, in ba haka ba ba za su ba ka sunayen ba.

Maman Sadiq:
Sati biyun nan da shugaban ya faɗa a rediyo ka rubuta ranar a kalandarka Malam, ka tuna masa tun saura kwana uku, don yaron zai kira.